Yadda Ake Magance Ƙiftawar Allo a Burauza Idan Matsalar Daga Saitin Hoto Ta Taso

Akwai wata matsala da ke addabar masu amfani da kwamfuta, wadda ba ta tsayar da aiki ɗungurungum amma tana gajiyar da ido kuma tana ɓata rai. Mutum yana cikin karanta shafi a Chrome ko Edge ko Firefox, sai allon ya yi baƙi na ɗan ƙiftawar ido ya dawo, ko wasu gidaje baƙaƙe da farare su bayyana a jikin shafin kamar an yayyanka shi su sake ɓacewa, ko kuma bidiyo ya riƙa walƙiya duk lokacin da aka motsa linzami. Shawarar da aka fi ba mai wannan matsala ita ce ya shiga saitin burauzar ya kashe taimakon katin hoto, kuma gaskiya ne cewa sau da yawa ƙiftawar tana tsayawa nan take. Sai dai a ganina wannan mataki gwaji ne da ke nuna inda ciwon yake, kuma wanda ya tsaya a kansa ya rufe alamar cutar ne kawai, ya kuma ɗora wa kwamfutarsa zafi da saurin cin batir ba tare da ya sani ba. Bayanin da ke tafe ya fi karkata ga Chrome a kan Windows 10 da Windows 11, domin a nan aka fi cin karo da matsalar.

Kafin a taɓa komai, yana da kyau a fahimci hanyar da hoto ke bi kafin ya iso ido. Burauza tana raba aikinta gida biyu: babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato furosesa, ita ce ke karanta rubutun da aka gina shafin da shi, yayin da katin hoto ke ɗaukar nauyin zana shafin, da jan sa sama da ƙasa, da warware bidiyo. Tsakanin burauzar da katin akwai wata manhaja mai fassara umarni da ake kira direba, wadda kamfanin da ya ƙera katin, Intel ko AMD ko NVIDIA, yake samarwa. Bayan an zana shafin kuma, Windows ce ke harhaɗa shi da sauran tagogin da ke buɗe ta miƙa wa allo, shi kuma allon ya sabunta abin da yake nunawa sau 60 a kowace daƙiƙa, ko fiye da haka a allon zamani. Idan ɗaya daga cikin waɗannan hannaye ya yi jinkiri ko ya miƙa hoton da bai kammala ba, abin da ido zai gani shi ne ƙiftawa.

A fara tabbatar da inda laifin yake

Gwaji mafi sauƙi shi ne wanda kamfanin Microsoft da kansa yake ba da shawarar a fara da shi. A danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc a lokaci guda domin a buɗe Task Manager, wato tagar Windows da ke nuna manhajojin da ke aiki, a ajiye tagarsa a gefen burauzar, sannan a zuba ido. Idan shi ma yana ƙiftawa tare da komai da ke kan allon, zargi ya fi faɗawa kan direban katin hoto ko kan na'urar kanta. Idan kuwa yana tsaye cak alhali burauzar tana rawa, to matsalar tana tsakanin burauzar da yadda take amfani da katin.

Daga nan sai a buɗe shafin da ke ƙiftawa a wata burauza dabam, amma a nan akwai kuskuren da mutane da yawa ke yi. Chrome da Edge da Brave da Opera duk a kan inji ɗaya aka gina su, wato Chromium, saboda haka gwada Edge bayan Chrome tamkar tambayar ɗan'uwan wanda ake tuhuma ne, amsar da za a samu kusan ɗaya ce. Firefox ce ke da injinta na daban, don haka ita ce shaidar da ta dace. Idan shafin ya zauna lafiya a Firefox amma yana rawa a Chrome da Edge, an riga an rage fagen bincike ƙwarai.

Akwai kuma abubuwa uku da ba su da alaƙa da saiti, waɗanda ya kamata a kawar da zarginsu tun da wuri. Mai kwamfutar tafi-da-gidanka ya kama murfin ya buɗe ya rufe a hankali yana kallon allon, domin idan ƙiftawar tana ƙaruwa ko tana tsayawa a wani kusurwa, wayar da ta bi ta cikin maƙalar murfin ce ta fara lalacewa, kuma babu saitin da zai gyara ta. Ya kuma haɗa kwamfutar da talabijin ko wani allo ta wayar HDMI ya duba ko ƙiftawar ta bi shi can. Na uku shi ne ya zare caja ya gani, musamman idan cajar ba ta asali ba ce ko kuma wutar daga ƙaramin janareta take zuwa, tunda wutar da ba ta da daidaito tana iya sa hasken allo ya riƙa hawa da sauka. Haka nan a buɗe tagar sirri da Ctrl da Shift da N, inda ƙananan manhajojin da ake liƙa wa Chrome ba sa aiki sai wanda aka ba izini, domin masu mayar da shafi baƙi da masu toshe talla suna iya sa shafi ya yi fari ya koma baƙi a duk lokacin da aka buɗe shi.

Gwajin kashe taimakon katin hoto

A Chrome, a rubuta chrome://settings/system a wurin rubuta adireshi a danna Enter. Za a ga wani makunni mai rubutun “Use graphics acceleration when available”, wanda a tsofaffin sigogi aka rubuta shi da kalmar hardware a maimakon graphics. A kashe shi, sannan a danna Relaunch da zai bayyana a gefensa, domin canjin ba ya aiki sai burauzar ta rufe ta sake buɗewa. A Edge adireshin shi ne edge://settings/system, kuma makunnin kusan iri ɗaya ne. A Firefox ana shiga Settings, a sashen General a gangara zuwa Performance, a cire alamar da ke kan “Use recommended performance settings”, sai wani zaɓi na biyu ya fito a ƙarƙashinsa wanda shi ne na taimakon katin hoto, a cire alamarsa shi ma a sake buɗe burauzar.

Wani lokaci ƙiftawar tana yin tsanani har mutum ya kasa ganin inda zai danna. A irin wannan hali sai a rufe Chrome gaba ɗaya, a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta chrome --disable-gpu a danna Enter, burauzar za ta buɗe ba tare da ta nemi katin hoto ba, sai a samu damar shiga saitin cikin natsuwa.

Idan ƙiftawar ta ci gaba bayan an kashe makunnin, a mayar da shi yadda yake, domin an wanke shi daga zargi. Idan kuwa ta tsaya, an tabbatar cewa laifin yana kan hanyar da ke tsakanin burauza da katin hoto, kuma daga nan ne aikin gaske yake farawa. Dalilin da ya sa ba na son a bar shi a kashe a fili yake ga duk wanda ya gwada: aikin warware bidiyo zai koma kan furosesa, fankar kwamfutar za ta riƙa kuka, ƙasanta zai yi zafi, batir zai ƙare da wuri, bidiyo mai inganci zai riƙa tsattsayawa, kuma shafukan da suka dogara da katin hoto, irin su Google Earth da ɓoye bayan mutum a taron Google Meet, za su yi nauyi ko su ƙi aiki sam. Saboda haka a sake kunna makunnin, a buɗe chrome://gpu, a kuma rubuta sunan katin da lambar direban da ke cikin shafin a takarda. Ƙa'ida ɗaya ce ta fi kowace muhimmanci daga wannan mataki zuwa gaba, ita ce a canja abu guda a lokaci guda, a gwada, a mayar da shi idan bai yi amfani ba, domin wanda ya jujjuya saiti biyar a zama ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ne ya yi maganin ba, ko wanne ne ya haifar da sabuwar matsalar da zai gani gobe.

Direba

Tambayar farko ita ce yaushe abin ya fara. Idan ya fara ne kwana ɗaya ko biyu bayan Windows ta yi sabuntawa, akwai yiwuwar ta sauya direban katin hoto a ɓoye, kuma maganin shi ne komawa ga tsohon. A danna maɓallin Windows da X, a zaɓi Device Manager, a buɗe Display adapters, a danna sunan katin sau biyu, a shiga shafin Driver, a danna Roll Back Driver. Idan wannan maɓalli ya dushe ba ya dannuwa, ma'anarsa Windows ba ta ajiye tsohon direban ba, sai dai a je a sauko da shi da hannu.

Idan kuwa kwamfutar ta daɗe ba a sabunta direbanta ba alhali burauzar tana sabunta kanta a kai a kai, to tazarar da ke tsakaninsu ce matsalar, kuma sai a nemo sabo. Mai kwamfutar tafi-da-gidanka ya fara duba shafin kamfanin da ya ƙera ta, HP ko Dell ko Lenovo ko waninsu, da lambar samfurinta, domin waɗannan kamfanoni sukan daidaita direba da irin allon da suka saka. Idan nasu ya tsufa ne sai a koma shafin Intel ko AMD ko NVIDIA. Direbobin nan suna kaiwa ɗaruruwan megabait, don haka gara a sauko da su a inda data ba ta da tsada. Lokacin girkawa, manhajar NVIDIA tana ba da zaɓin girkawa mai tsafta wadda ke share tsofaffin saituna, kuma ya kamata a zaɓe shi. Ina kuma gargaɗi game da manhajojin nan da ke alkawarin sabunta duk direbobi da dannawa ɗaya, domin sukan ɗora direban da bai dace da na'urar ba su ƙara dagula lamarin.

Akwai wata 'yar dabara ta gaggawa: danna Windows da Ctrl da Shift da B tare yana farfaɗo da direban hoto ba tare da an kashe kwamfuta ba, allon zai yi baƙi na ɗan lokaci a ji ƙara ya dawo. Tana da amfani idan ƙiftawar takan fara ne bayan kwamfuta ta tashi daga barci.

Sauya harshen da Chrome ke yi wa katin magana da shi

Chrome ba ta yi wa katin hoto magana kai tsaye a kan Windows, tana bi ne ta wani tafinta da Google ta ƙirƙira mai suna ANGLE, wanda ke mayar da umarninta zuwa harshen da direban ya fi ganewa, galibi Direct3D 11. Wani direban yana da tuntuɓe a wannan harshe amma yana tafiya daidai a wani, shi ya sa sauya shi kan warware matsalar ba tare da an rasa taimakon katin ba. A rubuta chrome://flags, a nemi kalmar ANGLE a akwatin bincike, za a ga “Choose ANGLE graphics backend”. Zaɓuɓɓukan da ke ciki suna bambanta daga siga zuwa siga, amma akan samu irin su D3D11 da D3D11on12 da OpenGL. A gwada su ɗaya bayan ɗaya, ana sake buɗe burauzar bayan kowanne, ana kuma komawa shafin da aka san yana ƙiftawa. Shafin nan na gwaje-gwaje ne, kuma Google tana cire abubuwa daga cikinsa ba tare da sanarwa ba, don haka kada a taɓa abin da ba a zo dominsa ba. Idan aka rikice, maɓallin Reset all da ke sama yana mayar da komai asalinsa.

Shimfiɗun hoto da Windows ke jerawa

Wannan shi ne sanadin da ya fi wahalar ganewa, kuma shi ne ya fi yawan haifar da baƙin nan na ƙiftawar ido da gidajen da ke bayyana a shafi. Tun daga Windows 8.1 akwai wata fasaha da ake taƙaita sunanta da MPO, wadda ke ba Windows damar miƙa wa katin hoto shimfiɗu dabam-dabam, misali bidiyo a shimfiɗa ɗaya da sauran shafin a wata, katin ya jera su da kansa a daidai lokacin da hoton zai fita zuwa allo. Manufar ita ce a rage aiki da cin wuta, amma a duk lokacin da aka motsa linzami a kan bidiyo, ko aka canja girman taga, ko wata sanarwa ta faɗo, sai an sake tsara shimfiɗun, kuma direban da bai iya wannan sauyi da kyau ba yakan saki hoto baƙi a tsakani. Alamar da ke tona asirinsa tana da ban mamaki: ido yana ganin ƙiftawar, kyamarar waya ma tana kama ta, amma idan aka naɗi allon da manhajar naɗa daga cikin kwamfutar, sau da yawa sai bidiyon ya fito tas, ko ma ƙiftawar ta tsaya muddin ana naɗa.

Kamfanin NVIDIA ya amince da wannan matsala a bainar jama'a bayan direbansa mai lamba 461.09 da ya fita a farkon shekarar 2021, har ya wallafa hanyar kashe fasahar ta cikin rajistar Windows, wato ma'ajiyar da Windows ke adana saitunanta na ciki, kuma masu katin AMD da Intel ma sun yi amfani da ita tunda saitin na Windows ne. Ana danna Windows da R a rubuta regedit, a bi hanyar HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\Microsoft\Windows\Dwm, a ƙirƙiri sabon saiti na nau'in da ake kira DWORD mai bit 32 a sa masa suna OverlayTestMode, a ba shi lamba 5, sannan a kashe kwamfutar a sake kunnawa. Rajista wuri ne da kuskure ɗaya kan iya hana Windows tashi, saboda haka wanda hannunsa bai saba ba ya nemi wanda ya iya ya zauna kusa da shi. Idan bayan an yi babu abin da ya canja, a koma a goge abin da aka ƙirƙira, kada a bar shi yana zaune ba dalili.

Saurin sabunta allo da dabarun tattalin batir

Masu allon wasanni da ke da G-Sync ko FreeSync su duba nan da kyau. Waɗannan fasahohi suna sa allon ya riƙa sauya saurinsa domin ya dace da na katin hoto, abin da ke da kyau a wasa, amma burauza ba ta fitar da hoto a kan sauri ɗaya: tana tsayawa cak idan ana karatu, ta zabura idan an ja shafi, shi kuwa allon yana biye da ita haskensa yana hawa yana sauka. A cikin NVIDIA Control Panel, a sashen G-Sync, a zaɓi ya yi aiki a cikakken allo kaɗai maimakon har da tagogi. Wanda ya haɗa allo biyu masu sauri dabam, misali ɗaya 60 ɗaya 144, ya gwada daidaita su na ɗan lokaci ta Settings, System, Display, Advanced display, ya kuma gwada kashe HDR, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske da armashin launi, idan a kunne yake.

A kwamfutocin tafi-da-gidanka kuwa, abin da na fi cin karo da shi shi ne dabarun rage cin batir. Na taɓa samun wata ta hannu mai katin Intel wadda allonta yake lafiya ƙalau muddin caja na jikinta, amma da zarar an ɗauke wuta ta koma kan batir, sai shafin da nake karantawa ya riƙa ƙiftawa duk bayan 'yan daƙiƙu, musamman idan na daina motsa linzami na sake taɓa shi. Mai gyaran da na kai wa ya dube ta bai fi minti biyu ba ya ce sai an sauya allo, ya kuma faɗi kuɗi masu kauri. Abin da ya hana ni amincewa shi ne tambaya ɗaya da na kasa samun amsarta a wurinsa, wato ta yaya lalataccen allo zai san an zare caja. Ashe wani saiti ne mai suna Panel Self Refresh, wanda ke barin allon ya riƙe hoton da kansa idan babu abin da ke motsi domin katin ya huta, kuma a wajen karɓar aikin da mayar da shi ne ake samun tangarɗa. Na kashe shi a manhajar Intel Graphics Command Center, a sashen System ƙarƙashin Power, tare da saitin rage hasken allo da ke kusa da shi, ƙiftawar ba ta sake dawowa ba. Masu katin AMD suna da makamancin saitin rage hasken mai suna Vari-Bright, ita ma Windows 11 tana da nata na sauya haske gwargwadon abin da ke kan allo, a ƙarƙashin Brightness.

Idan kwamfutar tana da katin hoto biyu, ƙarami na Intel ko AMD da babba na NVIDIA, miƙa hoto daga wannan zuwa wancan ma yakan jawo ƙiftawa. A shiga Settings, System, Display, Graphics, a zaɓi burauzar, a ɗaure ta a kan kati ɗaya. Na fi son a fara da Power saving, domin ƙaramin katin ne galibi ke haɗe da allon kai tsaye kuma ya ishi aikin burauza. A wannan shafin ne kuma ake samun makunnin “Hardware-accelerated GPU scheduling” da ya shigo da sabuntawar Windows 10 ta watan Mayun 2020, wanda shi ma ya cancanci a gwada kashe shi. Wani ƙaramin abu da ake mantawa da shi shi ne hoton bangon Windows mai sauya kansa: idan an bar Windows tana zaɓar launin tagogi daga hoton, duk sauyin hoto yakan sa Chrome ta ƙifta sau ɗaya, kuma tsayar da hoto guda a Personalization yana kawar da wannan.

Akwai dai kwamfutocin da barin taimakon katin a kashe shi ne daidai a gare su. Yawancin tsofaffin na hannu da suka haura shekara goma suna ɗauke da katin da kamfaninsa ya daina fitar masa da direba, alhali burauza tana ci gaba da sauyawa, kuma wadda ke kan Windows 7 ko 8.1 ma ta tsaya ne a Chrome 109 tun farkon 2023. Mai irin wannan na'ura, idan ya gwada sauya ANGLE ya kuma gwada Firefox bai dace ba, ya kashe makunnin, ya sauke ingancin bidiyo zuwa 480p ko 720p, ya rage yawan shafukan da yake bari a buɗe, ya kuma ɗora kwamfutar a kan tebur ko wani abu mai tauri maimakon katifa ko darduma, domin iska ta samu hanyar shiga ta ƙasa yanzu da furosesa ke ɗauke da aikin biyu.